Ƙofar Ma'ajiyar Mota Mai Ɗaki: Yadda Ake Gyara Hinjin Da Ya Karye A Doha



Cikin samarinmu da suka tafi neman abinci ƙasar Katar akwai direbobi, akwai masu gadi, akwai kuma masu aiki a garejin gyaran mota. Da yawansu idan sanyi ya shigo sukan sami kansu a wani aiki da ba su san shi a gida ba, wato kula da mota mai ɗaki. Wannan mota ce babba da aka gina ɗakin kwana, kicin da banɗaki a cikinta. Akwai kuma irin wadda ba ta da inji, sai dai wata mota ta ja ta, wadda a can suke kira karafan.

A gefen kowace irin wannan mota, daga ƙasa, akwai ma'ajiyar kaya mai ƙofa, kamar but ɗin manyan motocin da ke zuwa Tamale da Bawku. Nan ake zuba janareta, darduma, kujeru, kayan aiki da tukunyar gas. Abin da ke riƙe wannan ƙofa ɗan ƙarfe ne da take juyawa a kansa, wanda kafintoci ke kira hinji. Yana cikin abubuwan da ke fara lalacewa a jikin motar, kuma idan ya lalace direba ake fara tambaya.

Abin da wannan bayani zai nuna shi ne, hinji ba ya karyewa haka kawai. Akwai abin da ke karya shi. Wanda ya sa sabo bai nemo dalilin ba, zai sake gyara kafin kakar zango ta ƙare.

Dalilin da motocin suka yawaita a Katar

Mutanen Katar asalinsu mutanen daji ne da teku, kuma har yau ba su bar al'adar fita sahara ba. Kowace shekara Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi tana buɗe lokacin kafa zango na hunturu, wanda yakan ɗauki wajen wata shida, daga kusan Oktoba ko Nuwamba zuwa Afrilu. Sai mutum ya sami takardar izini kafin ya kafa. Wuraren da suka fi suna su ne Sealine da ke kusa da garin Mesaieed a kudancin Doha, da Khor Al Adaid inda teku ta kutsa cikin tuddan rairayi kusa da iyakar Saudiyya, sai kuma yankunan arewa irin su Al Shamal.

Gasar cin kofin duniya ta 2022, wadda Mohammed Kudus ɗan Nima ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a cikinta, ta ƙara yawan irin waɗannan ɗakuna, domin an jera karafan a unguwar Al Messila don saukar baƙi. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, Katar ta ba da kyautar ɗakunan tafi-da-gidanka da karafan 10,000 ga waɗanda suka rasa muhalli. Ke nan abu ne da mutane ke rayuwa a cikinsa, kuma duk abin da ake rayuwa a ciki yana bukatar mai gyara.

Yadda aka ƙera ƙofar

Kuskuren farko da ɗan zango yake yi shi ne ya ɗauka ƙofar ƙarfe ce irin ta tirotiro. Masu ƙera motar suna gudun nauyi, saboda haka ƙofar hawa uku ce. Daga waje akwai siririn falle na alminiyam ko faiba, kaurinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. A tsakiya akwai busasshen soso mai tauri, wani lokaci da ɗan katako a gefe. Daga ciki kuma wani siririn falle. Sai a kewaye su duka da firam na alminiyam. Ƙarfin ƙofar a firam ɗin yake. Tsakiyarta ba ta riƙe sukuru.

Hinjin da za ka tarar iri uku ne. Na farko dogo ne da ya bi faɗin ƙofar daga sama, an yi shi da alminiyam gida biyu, ɗaya yana zurawa cikin ɗaya kamar ƙugiya. Wannan ya fi yawa a motocin da aka shigo da su daga Amurka. Na biyu shi ma dogo ne amma mai gaɓa-gaɓa, da siririyar sanda da ta ratsa tsakiyarsa. Na uku gajeru ne guda biyu ko uku, na roba mai tauri ko na narkakken ƙarfe, waɗanda aka fi gani a motocin Turai.

Sanin inda aka ƙera motar yana rage wahala. Motocin Amurka da inci ake auna kayansu, kuma yawancin sukurorinsu kansu rami ne mai kusurwa huɗu. Idan ka tura sukundireba mai bakin tauraro a ciki za ka cinye kan, aikin minti goma ya koma na yini. Motocin Turai da milimita ake aunawa.

A ƙofofi da yawa akwai kuma ɗan shokozoba da ke riƙe ƙofar idan an ɗaga ta. Ƙarfinsa a rubuce yake a jikinsa, lamba ce da harafin N a bayanta, misali 150N ko 250N. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Abubuwan da ke karya hinji a can

Na farko iska. Iskar arewa maso yamma da suke kira shamal tana kaɗawa da ƙarfi a fili, ba bishiya ba gini. Ƙofar da aka bari a buɗe takan zama kamar faifai a hannun iska. Bugu ɗaya ya isa ya wuce da ita inda bai kamata ta kai ba, ya tsage hinjin ko ya tumɓuke ribit.

Na biyu rairayi. Mu a gida mun saba duk abin da ya yi ƙara a shafa masa giris ko baƙin mai. A sahara giris yana kama rairayi, su haɗu su zama kamar takardar goge katako, suna cin alminiyam duk lokacin da aka buɗe aka rufe.

Na uku gishiri. Ruwan sama a Katar kaɗan ne, a matsakaici bai kai milimita 100 a shekara ba, amma Sealine bakin teku ne, kuma raɓar dare da danshin iska suna ɗauke da gishiri. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali sukurun baƙin ƙarfe cikin alminiyam, sannan ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sukan zama kamar ɗan ƙaramin batir. Alminiyam ne ke cinyewa. Alamarsa ita ce farin gari kamar toka a kewayen sukuru. Ramin yana faɗaɗa a hankali har sukurun ya daina kamawa.

Na huɗu zafi. A watan Yuli 2010 zafin Doha ya kai digiri 50.4, kuma ƙarfen da ke cikin rana ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Alminiyam mai tsawon mita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan miƙe da kusan milimita ɗaya. Baƙin ƙarfe rabin haka yake miƙewa. Kullum da rana a miƙe, da dare a koma, wata da watanni motar tana ajiye a fili duk tsawon bazara. Wannan kai da komo yana sassauta sukuru da ribit. Hinjin roba kuwa rana ce ke busar da shi har ya karye kamar busasshen kara.

Na biyar hannun mutum. Wani zai cusa kaya fiye da ƙima ya danne ƙofar da gwiwa. Wani zai jingina da ita tana buɗe. Wani kuma shokozoba ya mutu, ya sayo wanda ya fi na asali ƙarfi yana ganin ya kyauta. Shokozoba mai ƙarfi yana tura ƙofar dare da rana ko tana rufe, kuma duk wannan turi a kan hinji yake ƙarewa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara da ɗaukar hoto da wayarka, daga nesa da kuma daga kusa, musamman farin garin nan ko tsatsa idan akwai. Ka tura wa mai motar kafin ka kwance ko sukuru ɗaya. Hoton zai tuna maka yadda abin yake lokacin mayarwa, kuma shaida ce cewa lalacewar ta daɗe tana tafe.

Sai ka kwashe kayan ma'ajiyar duka. Idan ma'ajiyar gas ce, ka rufe tukunyar, ka cire ta, ka kai ta inuwa nesa da wurin aiki. Tukunyar Shafaf ta kamfanin Woqod da ake amfani da ita a Katar ba ta da nauyi, ɗauke ta ba wuya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa akwai rami a gindin ma'ajiyar don ya fice. Kada ka toshe wannan rami da sunan hana ƙura shiga. Idan ma'ajiyar batir ce, ka cire wayar baƙin kai tukuna, domin sifana ɗaya da ta haɗa kai biyu ta isa ta tayar da wuta.

Ka tokare ƙofar da katako ko ka sa ɗan'uwa ya riƙe, sannan ka cire shokozoba tana buɗe, lokacin da ya miƙe gaba ɗaya. A kowane kai akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗagawa da sukundireba mai baki ɗaya, sai ya zame. Cikinsa iska ce a matse sosai, don haka ba a huda shi, ba a sa shi a wuta.

Ka leƙa bayan wurin da za ka huda. Bangon irin wannan mota siriri ne, kuma wayoyin wuta da bututun ruwa suna bi ta ciki. Ka naɗa tef a bakin injin huda daidai zurfin da kake so, don kada ya zarce.

Lalacewa iri huɗu da maganin kowacce

Ta farko: hinjin lafiya lau, amma sukuru yana juyawa ba ya kamawa. Ramin ne ya faɗaɗa. Kada ka cusa tsinken ashana kamar yadda ake yi wa ƙofar katako a gida, kwana biyu zai yi. Idan ramin a firam na alminiyam yake, ka sa sukurun da ya fi na da kauri da mataki ɗaya, ko ka mayar da shi ribit. Idan hannunka yana kaiwa baya, abin da ya fi duka shi ne bol da noti mai roba a ciki, wanda girgizar hanya ba ta kwance shi, tare da washa mai faɗi. Idan ramin ya yage gaba ɗaya, ka bar shi, ka toshe shi da gam, ka huda sabo a gefensa. Tazarar tsakiyar sabon rami da bakin ƙarfe kada ta gaza ninki biyu na kaurin ribit ɗin.

Ta biyu: ribit ya tsinke ko ya yi sako-sako. Alamarsa baƙin zobe ne a kewayen kansa, wanda gogayyar alminiyam ke haifarwa. Don cire shi, ka fara buga 'yar ƙusar tsakiyarsa ta faɗa ciki, domin ta fi sauran tauri kuma takan kautar da bakin huda. Sannan ka huda a hankali da baki daidai girman ribit ɗin, har kan ya rabu ya hau bakin hudar, sai ka tura sauran. Ribit ɗin da aka fi amfani da su uku ne: milimita 3.2, 4.0 da 4.8. Ramin kowanne yakan fi shi da ɗigo ɗaya, wato 3.3, 4.1 da 4.9. Idan tsohon rami ya faɗaɗa, ka hau mataki na gaba. Ka duba tsawo ma, domin a jikin kwali ana rubuta kaurin da ribit zai iya matsewa. Gajere ba zai ɗaure a baya ba, mai tsawo da yawa kuma zai bar wasa. Inda bayan siririn falle ne ko faiba, ka nemi ribit mai buɗewa gida uku kamar fure, wanda ke shimfiɗa nauyin a wuri mai faɗi. A jikin alminiyam, ribit na alminiyam ya fi dacewa, domin ba sa cin juna.

Ta uku: hinjin kansa ya tsage ko ya karye. Wannan sai sabo. Ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa, domin siffa ta baki ba ta sayen kayan mota. Irin dogon nan mai ƙugiya, yawanci akwai ɗan sukuru a ƙarshensa da ke hana ƙofar zamewa. Idan ka cire shi, ka ɗaga ƙofar, za ta zare ta gefe. Idan gida ɗaya ne ya lalace, dole sabon ya zama siffarsu ɗaya da wanda ya rage, in ba haka ba ka canza duka biyun. Idan ba a sami irinsa ba, ana iya sa dogon hinji mai gaɓa-gaɓa na alminiyam ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, a yanke shi daidai faɗin ƙofar. Ƙarfen da ba ya tsatsa hawa-hawa ne. Mai lamba 304, wanda a kan bol ake rubuta A2, ya isa a cikin gari. A bakin teku mai lamba 316, wato A4, ya fi jure gishiri. Amma duk da haka ka raba shi da alminiyam ta hanyar shimfiɗa tef ko gam a tsakani, domin shi ma idan ya taɓa alminiyam cikin danshi yana sa shi cinyewa.

Wajen ɗaurawa, kada ka huda ramuka duka a lokaci ɗaya. Ka zaunar da ƙofar a mazauninta, ka cusa kwali a ƙasa da gefe har tazarar ta zama daidai ta ko'ina. Ka ɗaure rami ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, ka buɗe ka rufe. Idan makulli ya shiga ba tare da dannawa ba, sai ka cike sauran daga tsakiya zuwa gefe. Ƙofar da aka ɗaura a karkace, ita da kanta za ta karya sabon hinjin.

Ta huɗu ita ce mai wuyar: jikin ƙofar ya ruɓe. Ka danna kusa da hinjin da babban yatsa. Idan ya lotsa, ko ka ga ruwa mai launin ƙasa yana fita daga ramin sukuru, ruwa ya shiga ya cinye katakon ciki. Sau da yawa ruwan wanki ne da ake fesawa da injin matsi kai tsaye a kan haɗin. A nan ko wane sukuru ka sa ba abin da zai kama. Sai an sauke ƙofar, a kwance firam, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a bar wurin ya bushe sarai. Sannan a sa sabon katako mai jure ruwa ko sandar alminiyam, a manne da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a matse har ya kama. Daga ciki a ƙara farantin alminiyam mai kaurin milimita 2 zuwa 3 da ya bi tsawon hinjin, bol ya ratsa hinji da ƙofa da farantin gaba ɗaya. Idan ruɓar ta ci wuri mai yawa, ka gaya wa mai motar gaskiya cewa sabuwar ƙofa ta fi araha.

Kayan aikin duk ana samunsu a unguwar masana'antu da ke kudu maso yammacin Doha, wadda kowa ke kira Sanaiya, inda tituna lamba gare su maimakon suna. Wanda ya san Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra ba zai ɓata a can ba. Shagunan masu haɗa tagogin alminiyam da na kayan jirgin ruwa sukan fi shagunan kayan mota samun ribit da hinji masu jure gishiri.

Me ya sa ba a walda

Mu 'yan zango idan ƙarfe ya karye mai walda muke nema. A wannan aikin walda ɓarna ce. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai ka ga ya zube. Injin walda na bakin titi ba ya kama shi yadda ya kamata, sai injin da ke aiki da iskar agon. Ko an samu, zafin yana raunana ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, ya sake tsagewa a gefensa. Hinjin narkakken ƙarfe kuwa narkewa kawai zai yi. Abin da ya fi wannan muni, sosan da ke cikin ƙofa da bango yana cin wuta, yana iya ci a ɓoye ba a gani, ga kuma gas da batir da tankin mai a kusa. A Sealine, kafin motar kashe gobara ta amsa kiran 999 ta iso, mai aukuwa ta auku.

Toshe ruwa da gwaji

Duk ramin da ka huda hanya ce ta ruwa. Kafin ka ɗaura hinji, ka kankare tsohon gam, ka goge wurin da sifirit, ka shimfiɗa tef ɗin roba mai danƙo da ba ya bushewa a ƙarƙashinsa. Idan ka ɗaure, rarar za ta fito, sai ka yanke. A saman haɗin ka ja layin gam na jikin mota irin Sikaflex. Ka guji silikon na banɗaki mai warin tsami, domin yana taɓa ƙarfe, kuma inda ya taɓa zama wani gam ba ya kamawa. Ka yi wannan aiki da sassafe ko bayan la'asar, domin a kan ƙarfe mai zafi gam yana yin fata kafin ka daidaita shi.

Ka mayar da shokozoba mai lamba ɗaya da na asali. Idan biyu ne, a canza su tare don kada ƙofar ta murɗe. Ga hinji, ka fesa busasshen mai irin na silikon da ba ya kama ƙura. Kada ka sa baƙin garin makulli, wanda ake yi da abin da ke cikin fensir, domin shi ma yana cin alminiyam idan akwai danshi.

Gwaji biyu ne. Ka sa takardar riyal ɗaya a bakin ƙofa, ka rufe, ka ja. Idan ta fito ba tare da turjiya ba, robar wurin ba ta matsu ba. Ka bi ko'ina da haka. Sannan ka zuba ruwa daga sama da bokiti ka buɗe ka duba. Bayan tafiyar farko ka sake bin sukurorin.

Idan kuwa a hanya abin ya faru, kada ka ce bari na lallaɓa. Ƙofar da ta ɓalle a babban titin Mesaieed, inda motoci ke gudu, tana iya kashe wanda ke bayanka. Ka tsaya a gefe, ka kwashe kayan zuwa cikin mota, ka ɗaure ƙofar da igiyar ɗaure kaya mai matsewa, ko ka cire ta gaba ɗaya ka sa ta ciki.

Maganar albashi da doka

Wannan ɗan ƙarfe yana iya taɓa aljihu. Tun watan Maris 2021 mafi ƙarancin albashi a Katar riyal 1,000 ne a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aiki bai ba da su ba. Wanda ke kan wannan albashi, kuɗin sabuwar ƙofa da aka yi odarta daga waje ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa da iyalinsa da ke jira a Nima ko Aboabo.

Dokar ƙwadago ta Katar mai lamba 14 ta shekarar 2004 ta ce idan ma'aikaci ya lalata kayan aiki da laifinsa, sai an yi bincike kafin a ɗora masa biya, kuma abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce albashin kwana bakwai. Yana kuma da damar kai ƙara. Direbobin gida su wata doka ce daban ta shafe su, mai lamba 15 ta 2017, don haka kowa ya san takardar da ya sa wa hannu. Ko a wacce kake, hoton da ka ɗauka tun farko da saƙon da ka tura da wuri su ne za su tsaya maka. Ɓoye lalacewa shi ke mayar da ita laifinka.

Abu biyu kuma. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma. Sannan yin gyara don kuɗi ga wanda ba shi ne mai aikinka ba, ba tare da izinin hukuma ba, yana iya jawo maka matsala a takardar zama. Ka koyi sana'ar, amma ka bi hanya.

Ga na gida

Iyayenmu dattawa da samarin da ke zaune a majalisa ana shan ataya suna iya cewa ina ruwanmu da motar Larabawa. Amma duk abin da aka faɗa a sama yana aiki a kan but ɗin motocin Kumasi da Tamale, da motar sayar da abinci, da ƙofar kiyos da tagogin alminiyam na gidajenmu. Gishirin Tema da Takoradi yana cin ƙarfe kamar na Sealine, ƙurar hunturu kuma tana shiga giris kamar rairayin sahara. Yaron da masta ya koya wa auna rami, zaɓen ribit da raba ƙarfe biyu, ya tafi da abin da zai ci abinci da shi ko a Kokompe ko a Sanaiya.

Saboda haka wanda ke da niyyar tafiya, kafin ya biya kuɗin jirgi ya yi 'yan watanni a wurin mai alminiyam ko fita. Wanda kuma yake can, kafin lokacin zango ya buɗe, ya zagaya motar ya ɗaga kowace ƙofa, ya girgiza ta, ya duba farin gari da baƙin zobe. Aikin rabin awa ne.

Allah ya tsare 'yan'uwanmu da ke baƙunta, ya sa albarka a neman su, ya dawo da su gida lafiya. Amin.